Sai-na-hau da Makullin Babana

Kafin ƙarfe bakwai na safe yana bakin garejin, a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka ciro daga jikin wata bas tun wasunmu suna rarrafe. Kofin shayi a hannun dama, hannun hagu a kan gwiwa, fuska tana kallon titi. Baƙo zai ce zaman kashe wando yake yi. Mu da muka san shi mun san saurare yake. Duk motar da ta wuce sai ya bi ta da kunne har ta sha kwana, wata ya gyaɗa kai, wata ya yamutsa fuska, wata kuwa ya miƙe ya ɗaga wa direban hannu, ya ce masa ya duba belin fanka kafin ya yi nisa. Ba ya karɓar komai a kan wannan, kuma yawancin direbobin ko sunansa ba su sani ba.

In ya shanye shayin sai ya ɗauki tsintsiya. Shi yake share garejin da kansa, ba ya bar wa kowa, don a cewarsa ƙasa mai tsafta ce take nuna inda mota ta yi yoyo. Daga nan ya shimfiɗa wani tsumma da aka ce fari ne a da, ya jera sifanun kwance noti a kai daga ƙarama zuwa babba. A bangon da ke bayansa akwai wani allon katako cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da abin da aka rataye mata: guntun waya, ƙaramin noti, tsinken fis, roba da ta tsage. Babu abin da ya kai tafin hannu girma a cikinsu. Yana kiransu masu laifi, kuma kowanne ya san motar da ya fito da irin wahalar da ya ba mai ita.

Haka ya yi shekara arba'in da ɗaya, har zuwa makon jiya da ya rufe akwatin kayan aikinsa ya miƙa garejin ga mutumin da suka daɗe suna aiki tare.

Sunan da duk unguwa ta san shi da shi Sai-na-hau. Ya samo shi ne daga amsar da yake ba duk wanda ya kawo masa motar da ciwonta yake zuwa yana tafiya. Kai ka zo da zafinka, kana so a buɗe bonet yanzu-yanzu a gaya maka abin da za ka sayo, shi kuwa sai ya zagaya motar sau ɗaya, ya goge hannu, ya ce ba zai ce komai ba sai ya hau. Nufinsa ka shiga ka tuƙa, shi ya zauna a gefenka, ku bi hanyar da ka saba bi, a lokacin da ka saba binta, har ciwon ya tashi a gabansa. In ya ɗauki yini ɗaya, to. In ya ɗauki kwana huɗu, haka za ka yi ta yawo da dattijo a mota kamar ka ɗauko surukinka. Masu gaggawa da yawa sun yi fushi sun tafi wani wuri, kuma da yawansu sun dawo bayan an canja musu rabin inji.

Wani mai shaguna a kasuwa har yau yana ba da nasa labarin, yana dariya har da hawaye. Motarsa takan mutu tana cikin tafiya, musamman in ta faɗa rami, sannan ta tashi lafiya kamar ba ita ba. An canja batir, an canja wayoyi, an kusa sauke inji. Sai-na-hau ya hau, suka yi tafiyar da ba ta fi minti goma ba, ya ce a tsaya. Ya miƙa hannu ya zare makullin motar daga cikin wani tarin makullai da mutumin yake yawo da su, na shaguna huɗu da sito biyu da gida, duk a zobe ɗaya. Nauyinsu ne yake jan makullin ƙasa, in aka yi tsalle sai ya kashe motar. Ya miƙa masa makulli guda ɗaya tilo, ya ce sauran ya sa su a aljihu, aljihu ba ya mutuwa a kan titi.

Irin waɗannan labaran suna da yawa, kowa da nasa. Amma ni ba zan yi muku ƙaryar cewa na zauna rubuta wannan don na tattara labarai ba ne. Ina da nawa dalilin, kuma ba dalili ne da nake alfahari da shi ba.

Babana direban a-kori-kura ne. Aikinsa ɗaukar buhunan abincin kaji daga inda ake haɗa shi zuwa gidajen gona da ke wajen gari, kuma a hanyar akwai wani hawa mai tsawo da duk direba ya san shi. Motar ta girme ni. Shuɗiya ce a takarda, a ido kuwa ta koma launin toka. Ƙofar direba daga waje ake buɗe ta, sai ka zura hannu ta taga. Baba yana kiranta Dattijuwa, kuma da ita ya ciyar da mu, ya kai Yayata har ta zama ma'aikaciyar jinya, ni kuma na zama malamin makaranta. Mun sha ce masa ya huta, mu za mu riƙe gidan. Yakan ce ya ji, washegari kuma mu ji ƙarar motar tun da sassafe.

Shekara huɗu da suka wuce Dattijuwa ta fara wani hali. Wata safiyar murɗa ɗaya take tashi. Wata safiyar kuwa kik ya yi ta juyawa har batir ya fara kasala, sai maƙwabta sun fito an tura. A kan hanya ma haka. Baba ya taka totur, ita kuma ta yi jim kamar tana shawara, ta yi tari, ta fizga, sannan ta ci gaba. Sai ta yi kwana uku ko huɗu lafiya lau, har a ce ta warke, sai kuma ta dawo da shi.

Yaya ce ta ɗauki nauyin gyaran, kuma ita ta zaɓi inda za a kai, wuraren zamani masu allon suna da ma'aikata cikin riga iri ɗaya. Gareji na farko suka canja fulogi. Na biyu suka wanke kafireta suka sa sabuwar filta. Na uku suka canja famfon mai. A ko'ina labarin ɗaya ne: a gabansu motar takan tashi da murɗa ɗaya, su zagaya da ita unguwa tana gudu kamar sabuwa, su miƙo makulli. Bayan kwana biyu a sake neman masu turi. A gareji na ukun ne shugaban wurin ya ja Yaya gefe, ya ce mata shi dai bai ga komai a jikin motar nan ba, sannan ya rage murya ya tambaye ta shekarun tsohon nawa ne.

Tambayar nan ita ta shiga kanmu ta zauna. Daga ranar muka fara kallon Baba da wani ido. In ya manta inda ya ajiye hularsa, mu haɗa ido ni da Yaya. In ya maimaita labari, mu haɗa ido. Abin da duk mutum yake yi, a wurinsa ya zama shaida.

Sai kuma aka yi abin da ake gudu. Wata ranar Talata yana tsakiyar hawan nan da kaya, motar ta shaƙe ta mutu, ta fara komawa da baya. Kafin ya tsayar da ita ta daki katangar wani gida ta rushe wani sashi. A gindin katangar nan wani mai faci yake zama kullum, Allah ya sa ya tashi ɗebo ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, amma duk wanda ya ga bencin mai facin a ƙarƙashin bulo ya san abin da ya kusa faruwa.

Da yamma muka taru a falon Mama. Yaya ta yi magana a hankali, kuma ba zan zarge ta ba, don ita ce take karɓar waɗanda ake kwasowa daga kan titi, ta san yadda ake kawo su. Ta ce kanikawa uku sun duba, duk sun ce motar ƙalau take. Ta ce ƙafa takan zame daga kan kuloci, mutum bai ma sani ba. Ta ce ba abin kunya ba ne. Baba yana ta cewa shi ya san abin da ya ji, mai ne yake yankewa, ƙafarsa tana inda take. Ni da ya kamata in yi shiru, ni ne na buɗe baki.

"Baba, ko dai ba motar ba ce?"

Bai kalle ni ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a kan tebur. Mama ta sunkuyar da kai. Makullin ya yi kamar minti ɗaya a wurin, ba wanda ya iya miƙa hannu. Sai Baba ya sake ɗauka, ya ce mu ba shi zuwa ranar Lahadi. Zai kai ta wurin Sai-na-hau. In shi ma ya ce motar ƙalau take, to da hannunsa zai kawo mana makullin, kuma ba zai sake zama a bayan sitiyari ba.

Yaya ta yarda, da sharaɗin in bi shi, tunda makaranta tana hutu. A gaban Baba ta ce don in taimaka masa ne. A waje ta ce min in buɗe kunne in ji abin da bakaniken zai faɗa da bakinsa, kada Baba ya dawo ya gyara maganar. Wato ɗan leƙen asiri aka naɗa ni a kan ubana, ni kuma na karɓa.

Baba yana da wata ɗabi'a da ba ya sakewa. Ba ya kai wa bakanike mota da datti. Yakan ce rashin mutunci ne ka kai wa mutum ƙazanta, alhali shi zai kwanta a ƙarƙashinta ƙura tana zubo masa a ido. Don haka duk ranar zuwa gareji sai ya sauke kaya kaf, ya share bayan motar, ya wanke ta ciki da waje har tayoyi, shi ma ya sa wankakkun kaya. Haka ya yi sau uku a baya, haka kuma muka yi ranar Laraba da safe, ni ina ɗebo ruwa yana cuɗawa.

Da muka isa, Sai-na-hau bai ko kalli bonet ba. Suka gaisa da Baba gaisuwar tsofaffin da suka daɗe ba su haɗu ba, aka tambayi iyali da gwiwa da baya. Sannan ya zagaya motar, ya leƙa bayanta, ya shafa ƙasan bodin da yatsa ya duba yatsan.

"Direba, wannan ɗaurin aure za ta ko gareji?"

Baba ya yi dariya, karo na farko tun ranar Talata. Sai-na-hau ya zaunar da shi a kan kujerar bas, ya yi ta tambayarsa. Ranar da ta ƙi tashi an yi ruwa ko ba a yi ba. Tanki cike yake ko ya yi ƙasa. A ina ta kwana, gabanta yana kallon gangare ko tudu. In za ta shaƙe, da zafi take ko da sanyi. Baba yana amsawa, wani ya tuna, wani ya ce bai lura ba, ni kuma duk wanda ya kasa tunawa ina lissafa shi a raina. Da aka gama, Sai-na-hau ya ce mu koma da ita, Baba ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba, kada a sake sa mata ruwa, gobe da safe zai zo ya hau.

Ranar Alhamis muka fita mu uku a gaba, Baba a sitiyari, ni a tsakiya giya tana dukan gwiwata, Sai-na-hau a bakin ƙofa. Buhu ashirin aka loda. Bai yi hira ba. Ya ɗora tafin hannu a kan dashbod, ya ɗan karkatar da kai, idonsa rabi a rufe. Dattijuwa ta haye tudun nan ba ko tari. Ranar Juma'a buhu goma sha takwas, nan ma lafiya lau. Yaya tana kirana kowace yamma tana tambayar me ya ce, ina ce mata bai ce komai ba tukuna, tana cewa ai dama. Baba kuwa ya daina cin abinci sosai. Ban taɓa ganin mutumin da yake roƙon motarsa ta lalace ba sai a wannan makon.

Ranar Asabar, saura kwana ɗaya, wani babban gidan gona ya nemi buhu talatin da biyu. Sai-na-hau bai zauna a mota ba lokacin lodi, ya sauko ya tsaya yana kallon masu ɗora kaya. Da kayan suka yi yawa, sai suka tara su a gaba, jingine da bayan gidan direba, hawa kan hawa, don kada su zubo a hanya. Ya tambayi Baba ko wani lokacin akan yi lodi da yamma motar ta kwana da kaya. Baba ya ce ƙwarai, duk ranar da kayan suka yi yawa haka yake yi don ya yi sammako. Sai-na-hau ya ce to, ya shiga mota.

Mun kai kusan rabin hawan sai ta yi jim. Baba ya ƙara taka totur, ta yi tari sau biyu, ta fizga, ta mutu. Kafin ta motsa da baya ƙafarsa tana kan birki, hannunsa ya ja birkin hannu. Na juya na ga Sai-na-hau yana murmushi kamar an yi masa albishir.

Ya ce kada kowa ya taɓa komai, kada a sauke ko buhu ɗaya. Ya sa na kawo manyan duwatsu huɗu muka tokare tayoyi. Sannan wannan dattijo da ya haura sittin, mai ciwon gwiwa, ya shimfiɗa buhun da ba komai a gefen titi, ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota mai ɗauke da buhu talatin da biyu a tsakiyar tudu. Ƙafafunsa kaɗai muke gani. Ya daɗe. Baba yana tsaye ya riƙe ƙofar mota, yana kallon ƙasa.

Can muka ji muryarsa daga ƙarƙashi.

"Malamin makaranta, shigo. Kai aka aiko shaida, kai ya kamata ka gani."

Ban san yadda aka yi ya sani ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Na kwanta da farar rigata na shiga. Ya haska min da ƙaramar tocila. Akwai wani tiyon roba baƙi, kaurin yatsa, wanda yake ɗauko mai daga tanki zuwa inji. A daidai samansa akwai wani ƙarfe da aka gitta a ƙarƙashin bodin, waldarsa ba ta tsufa ba. Ƙarfen ya sauko ya danne tiyon a jikin shasi, wato ƙashin motar, har ya baje. Ya ce in zauna a nan kada in ɗauke ido, ya fita, shi da Baba suka janye buhu goma daga gaba zuwa baya. Ina kwance ina kallo ƙarfen ya ɗaga a hankali, har aka sami tazarar yatsa biyu, tiyon ya koma yadda yake kamar ba abin da ya taɓa shi.

Wata takwas kafin nan ƙasan bodin ya ruɓe, Baba ya kai wa mai walda ya ƙara wannan ƙarfen don ya yi ƙwari. Aikin ya yi kyau, ba wanda ya kawo komai a ransa. In motar ba kaya, ko kayan ba su da yawa, ƙarfen ba ya kaiwa ga tiyon. In aka tara nauyi a gaba sai bodin ya lotsa, mai ya rage wucewa, a kan tudu kuma inda inji ya fi neman mai sai ta shaƙe. Da ya yanko tiyon ya lanƙwasa mana shi, sai ga wata 'yar tsaga a samansa, ba ta buɗewa sai an danne. Ta nan iska take shiga, in motar ta kwana da kaya man ya gangara ya koma tanki, da safe kik ya yi ta juyawa a banza. Kanikawa ukun nan ba ƙarya suka yi ba. Motar da aka kai musu lafiyarta ƙalau.

"Kai kuma, Direba, laifinka tsafta," in ji shi. "Wata biyu kana sauke mata ciwon a gida, kana kai musu ita a wanke."

Ya ciro sabon tiyo daga jakarsa, ya bi da shi ta gefen shasi inda ƙarfen ba zai taɓa kaiwa ba, ya ɗaure. Na ɗauka an gama. Ina, sai ya ce a mayar da buhunan nan goma gaba, daidai inda suke. Muka gangara ƙasa muka hau tudun, muka sake gangarawa muka sake hawa. Ya ce kuma motar ta kwana da kaya, Baba ya kira shi da safe ya gaya masa murɗa nawa ta tashi.

A gidan gonar, Baba yana can wurin masu sauke kaya, Sai-na-hau ya kira ni gefe. Na zaci faɗa zai yi min, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce kwana ukun nan ba motar kaɗai yake saurare ba, yana kallon ƙafar Baba a kan kuloci, da yadda yake duba madubi, da lokacin da yake taka birki.

"Ƙafarsa ta fi taka. Da kuwa na ga wani abu, da na faɗa. Amma shi zan gaya wa, ba ku ba."

Ranar Lahadi da safe Dattijuwa ta tashi da murɗa ɗaya, da buhu talatin da aka loda mata tun yamma a bayanta. Da yamma muka sake taruwa a falon Mama. Baba bai yi dogon bayani ba, bai ce ai na gaya muku ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun tiyon nan, ya ajiye a kan tebur, a inda ya ajiye makulli ranar Talata, ya ce in yi wa Yayata bayani tunda ni na gani. Na yi. Yaya ta ɗauki tiyon ta lanƙwasa, ta ga tsagar, ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa tana kuka. Ni ma na nemi gafara, ya ce ya yafe, ya wuce. Amma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau in na tuna tambayar da na yi masa sai in ji ta sabuwa. Washegari Baba ya mayar da tiyon gareji, aka sama masa ƙusa a jikin allon.

Sai-na-hau, kai ne ka yarda da maganar tsoho a lokacin da 'ya'yan cikinsa suka daina yarda da ita. Kai ne ka bar garejinka kwana uku kana bin motar abincin kaji, ƙura tana shiga maka hanci, don ba ka iya cewa abu ƙalau yake alhali ba ka gan shi a bakin aikinsa ba. Da ka buɗe bonet ranar Laraba ka ce ba ka ga komai ba, ba wanda zai zarge ka, uku sun riga ka faɗa. Da mun karɓe makullin, muna ganin mun yi abin kirki, Baba kuma ya ƙare rayuwarsa a kan tabarma yana tunanin ko da gaske kansa ne ya taɓu. Shekara huɗu ka ƙara masa a bayan sitiyari, kuma ka mayar masa da abin da ya fi sitiyarin, wato a ji maganarsa a gidansa.

Ba wanda ya ce wa Sai-na-hau ya ajiye aiki. Abokin aikinsa ne ya gaya min yadda aka yi. Wata safiya suna zaune a bakin garejin wata mota ta wuce, abokin ya ce ka ji wannan ƙarar, Sai-na-hau ya ce wace ƙara. Bayan sati biyu, da ya tabbatar kunnen hagun ya tafi, na daman ma yana bin sa, ya ce ba zai riƙa karɓar motocin mutane yana yi musu kame-kame ba.

Ranar da zai kwashe kayansa, Baba ya ce ba motar da za ta ɗauke su sai Dattijuwa. Muka loda akwatunan ƙarfe uku, da jak, da kujerar bas, da allon masu laifi a nannaɗe cikin bargo. Sai-na-hau ya tsaya a kan sai an tara masu nauyin duka a gaba. Murɗa ɗaya ta tashi. Wannan karon ni da Yaya a wata motar muka bi su a baya, su biyu kaɗai a gaba, ina hango hannunsa a kan dashbod.

Da aka gama sauke kaya a ƙofar gidansa, Baba ya kira mu. Ya ce tun kafin su taso ya roƙi Sai-na-hau ya kalle shi a hanya kamar yadda ya kalle shi waccan shekarar, kuma ya gaya masa gaskiya. Ya ce an gaya masa. Ƙafa tana nan, hannu yana nan, amma sau biyu mai babur ya fito ta gefe bai gan shi ba sai da ya zo daf. Ya ciro makullin ya kama hannuna ya sa a ciki.

"Yanzu kam ni ne, ba motar ba."

Yaya ta juya baya tana share ido. Sai-na-hau yana zaune a kan kujerar bas a ƙofar gidansa, ya mai da fuska titi, kamar ba da shi aka yi ba.

Mun gode, Sai-na-hau. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutun da ka daɗe da cancanta. Ku kuma da kuke riƙe da sifana yanzu, da ku likitoci, da mu malamai, da duk wanda ake kawo wa matsala a ce ya duba: kafin ka ce ba ka ga komai ba, tambayi kanka ko ka hau. Je ka ga abin a inda yake aiki, da nauyin da yake ɗauka. Mu kuma masu tsofaffi a gida, in sun ce ga abin da suka ji, mu bi su mu gani kafin mu fara haɗa ido a bayansu.

Ɗan ƙanin Baba ne zai ci gaba da jigilar, magidanci ne mai hankali, kuma Baba ya ce shi zai riƙa zama a gefensa. Jiya suka dawo da buhu ashirin da biyar da za a kai da safe, Baba ya ce birkin baya yana ɗan ƙara in an yi lodi, a kai ta gareji a duba. Na ga ya nufi inda bokiti yake, har ya sunkuya zai ɗauka. Sai ya tsaya, ya miƙe, ya yi dariya shi kaɗai.

"Ku bar ta haka," ya ce. "Ku kai ta da kayanta."